Ɗan Fari a Hanyar Raƙuma

Malam Lurwanu mai tsire ya bi ɗansa hawan dutsen Kara ranar wata Asabar, cikin sanyin shekarar 2018. Ba don yana so ba. Matarsa Ramlatu ce ta tura shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta same shi a tsakar gidansu na unguwar Utaibiyya a Makka yana yanka naman da zai kai rumfarsa ta unguwar Jarwal.

"Malam, babban yaron nan zai tafi Dammam. An ba shi aiki. Da matarsa da 'ya'yansa zai kwashe."

"Aikinsa na nan Makka ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba. Cewa ya yi me zai zauna yi a garin da ubansa bai taɓa kiran sunansa ba."

Wuƙar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

"Ya sha gayyatar ka dutsen nan da suke hawa, kana ƙi," in ji ta. "Gobe ma za su je. Jibi zai ba mutanen Dammam amsa. In ka ga dama ka zauna da tsirenka."

Sunan yaron Mukhtaru, kuma ba yaro ba ne, ya doshi arba'in. Shi ne ɗan fari. A Haɗeja, inda aka haifi Lurwanu, mutumin kirki ba ya kama sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabon sa. Kunya ce, kuma ado ne ga uba. Ramlatu haihuwar Jarwal ce, ta daɗe da yar da wannan. Lurwanu bai yar ba. Sai dai "kai", ko "wancan", ko "yaron nan".

Bayan sallar asuba Mukhtaru ya ga ubansa a bakin mota, da jallabiya da rawani da tsohon takalmin fata. Ya buɗe masa ƙofa. Suka ɗauki hanyar Ɗa'ifa har gindin dutsen.

Tsohuwar hanya ce da aka shimfiɗe da duwatsu, wadda raƙuma ke bi tun kafin a san kwalta. Tana murɗewa kamar igiya har can sama, garin Hada. A bakinta samari sun taru, kowa da sanduna biyu da takalmi mai nauyi da jaka a baya. Lurwanu ya dube su ya taɓe baki. A zamaninsa babu mai tafiya a ƙasa sai wanda ya rasa abin hawa. Yanzu masu motoci ne ke ajiye motocinsu su je neman wahala, wai haikin.

Jagoransu wani Balarabe ne mai tumbi da fara'a, Ja'afar, abokin Mukhtaru tun makaranta. Ya taho da hannuwa a buɗe.

"Ahlan, ahlan, ya Abu Mukhtar!"

Haka Larabawa ke girmama mutum, su kira shi uban ɗansa na fari. Lurwanu ya san haka sarai. Tun haihuwar yaron yake kauce wa wannan kiran a kasuwa. Ya ɗaga kai yana kallon dutse.

"Ya Abu Mukhtar, da kai nake!"

"Sunana Lurwanu," ya ce da Larabcinsa na kasuwa.

Ja'afar ya yi dariya ya sumbaci kansa, ya wuce. Mukhtaru ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Suka fara hawa. Duwatsun sun yi santsi saboda tsufa, iska kuma na busowa da sanyi daga sama. Lurwanu bai karɓi sandar da aka miƙo masa ba. Ya tattare jallabiya, yana taku ɗaya ɗaya, ba sauri ba tsayawa. Birai na zaune a kan duwatsu kamar masu jiran sadaka. Wani babba ya fizge ledar dabino daga jakar wani saurayi ya haye da ita, saurayin na ihu yana rantsuwa dabinon Madina ne.

"Ya ammi, wallahi gwiwarka ta fi tawa," in ji Ja'afar yana haki, ya koma kiran sa ammi, wato baffa.

"Taka shinkafa ce ta cika ta."

Aka kwashe da dariya. Lurwanu ya saci kallon ɗansa. Shi kaɗai ne bai yi ba. Yana tafe a bayan uban, daf da shi, ta gefen da kwazazzabo yake. Duk inda hanya ta juya, sai ya sake komawa ta gefen ramin. Tsohon ya lura, ya yi kamar bai lura ba.

Da rana ta ɗaga suka zauna a kan wani falalen dutse. Ƙasa ta yi nisa, motoci a kan titi kamar tururuwa. Ja'afar ya zuba gahawa ya miƙo, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Tafaddal, ya Abu Mukhtar."

Lurwanu bai ɗaga hannu ba. Ƙoƙon ya tsaya a iska.

Wani saurayi mai surutu ya ce, "Mukhtar, ka tabbata wannan babanka ne? Ko a bakin hanya ka tsinto shi?"

Wasu suka yi dariya. Ja'afar ya harari saurayin, ya ajiye ƙoƙon a gaban tsohon, ya ce, "Yalla ya shabab, mu tashi." Suka tattara suka yi gaba. Mukhtaru bai tashi ba sai da na ƙarshensu ya sha kwana.

"Baba, me na yi maka?" Hausarsa tana da nauyin Larabci, kuma ba ya yin ta sai da iyayensa.

"Ba ka yi komai ba."

"To don me? Ƙanina Hadi kana kiran sa. Asma'u har waƙa kake yi mata. Ni kuwa kai, wancan. Ko a gaban abokaina ba za ka yarda a ce kai ne ubana ba."

"Haka muka gada."

"Mama ta gaya mini. Al'adar garin da ban taɓa gani ba. Ni a Jarwal aka haife ni, Baba. A makaranta kowa ubansa zai zo ya kira shi daga bakin ƙofa. Kai sai ka aiko wani ya ce wancan ya fito."

Ɗa ne ke tuhumar uba, a kan dutse, a gaban birai.

"Ubana a wuya ya ɗauko ni daga Haɗeja," ya ce. "Ta Chadi, ta Sudan, har bakin teku. Ni ma ɗan fari ne, bai taɓa faɗin sunana ba har ya koma ga Allah. Ban tambaye shi dalili ba."

"Kai ka ji wuyansa a ƙarƙashinka, Baba. Ni me na ji?"

Tsohon ya kau da kai.

Mukhtaru ya ɗauki jakarsa. "Halas. Saura kaɗan ka kai sama. Zan gaya wa Ja'afar ta waya ya dawo ya raka ka, ya kai ka gida. Ni na koma."

Ya juya ya kama gangara.

Lurwanu ya zauna yana kallon bayansa. Faɗin kafaɗar nan na kakansa ne, har da yadda yake ɗan karkata hagu. Bai taɓa gaya masa ba.

"Kai!"

Bai waiwayo ba.

"Kai, yaron nan! Da kai nake!"

Ya ji. Tsohon ya ga kafaɗarsa ta motsa. Amma ƙafafun ba su tsaya ba. A ƙasa kaɗan hanya ta sha kwana a bayan wani ƙaton dutse. Lurwanu ya san in ya ɓace a bayan dutsen nan, ba mota zai nufa ba, Dammam zai nufa. Za a riƙa gaisawa ta waya ranar Salla. Jikoki za su tashi ba su san ƙanshin rumfarsa ba.

Ya miƙe tsaye. Sunan yana nan a maƙogwaronsa kamar ƙashin kifi. Shi ya zaɓe shi da kansa. Sau ɗaya ya taɓa furta shi, a kunnen jariri, ranar da ya yi masa huɗuba, a hankali yadda ko ungozoma ba ta ji ba. Ya tuna ubansa, ya nemi gafararsa a zuci. Ya cika ƙirji da iska irin yadda yake kiran masu sayen tsire a da.

"Mukhtaru!"

Dutse ya amsa, na bayansa ma ya amsa. Birai suka watse. Can sama aka ji muryar Ja'afar yana cewa "Allahu akbar!" ko me ya gane oho.

Mukhtaru ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye, bayansa ga uban. Sannan ya juyo ya fara hawowa a hankali, yana goge fuska da hannun riga kamar gumi ne ya dame shi.

Da ya iso babu wanda ya kalli wani. Lurwanu ya ɗauki ƙoƙon gahawar da ta huce ya shanye.

"Abin da mutum ya fi ji da shi ba ya yawo da shi a baki," ya ce, yana kallon kwazazzabo. "Haka aka koya mini. Ban san ciwo yake maka ba."

"Na'am, Baba."

"Gwiwar nan ta fara magana. Matso."

Ya ɗora hannu a kafaɗar ɗansa. Kafaɗa ce mai ƙarfi, da ɗumi. Ya sake mata nauyinsa duka, har ma da ƙari. Haka suka ƙarasa, ba hira, sai numfashi da ƙarar tsakuwa.

A sama iska ta sake. Gajimare na ratsa itatuwa yana taɓa fuska da laima. Samarin na zaune nesa suna cin gurasa da zuma. Ja'afar ya hango su, ya buɗe baki, ya kama kansa, ya ce, "Mabruk, ya ammi Lurwan!" Tsohon ya ɗaga masa hannu.

Suka sami dutse suka zauna su biyu. Lurwanu ya cire takalmi ya zazzage ƙasa.

"Uwarka ta ce gobe za ka ba wasu mutane amsa."

Mukhtaru ya tsinci tsakuwa ya jefa. "Dammam ba duwatsu, Baba. Rairayi ne da teku. Me zan hau a can?"

"Uhm."

"Asabar mai zuwa akwai wata hanya ta wajen Shafa. Ta fi wannan sauƙi."

"Wa ya ce maka sauƙi nake nema?"

Mukhtaru ya yi dariya, irin wadda uban bai ji ba tun yana ƙarami. Ya matso, ya rage murya kamar mai roƙon alawa.

"Baba, ɗazu iska ta yi yawa, ban ji sosai ba. Don Allah sake faɗa."

Lurwanu ya mayar da takalminsa, ya gyara rawani, ya dubi gajimare.

"A'a. Ba zan sake ba."