Gadon Surukar Ɗalha

Ɗalha na cikin goge ƙafar gadon da tsumma sai ga ɗan acaɓa ya sauke Hajiya Sa'a a ƙofar gida, tana dafe da ƙugu. Nan take ya durƙusa can nesa, ya gaishe ta kansa a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi.

Shi fa ma'aikacin asibiti ne a Kusada, walda kuwa ƙaiƙayin hannu ce kawai. Sai dai ƙaiƙayin ya cika gida. Kujerun ɗakin matarsa Haulatu na wilin keken tsere ne, teburin cin abinci allon tanis ne da ya tsage, randa ma kan zoben ƙwallon kwando take zaune. Hajiya, uwar Haulatu, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai ƙona ƙarfen nan", kuma abin yana cin ransa ƙwarai. Da ya ji za ta zo daga Kunduru jinyar baya, ya je Kankia ya sayo wasu fararen bututun ƙarfe wajen 'yan gwangwan, ya haɗa mata gado na gani na faɗa.

Hajiya ta ƙare wa gadon kallo, ta taɓe baki, ta hau da bismillah. Kafin azahar minshari ya tashi. Haulatu ta fito tana murna ta ce rabon tsohuwa da barci irin wannan tun damina.

Daɗin bai gama ratsa shi ba aka yi sallama. Ashiru ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon unguwa, da zugar samari a bayansa. Ya ce ɓarayi sun tuge musu ƙarafan raga ɗaya, sun bi sawu har Kankia, ɗan gwangwan kuma ya kwatanta musu gidan nan. Ga wasa gobe da yamma, da 'yan Kankia ma kuwa. Ɗalha ya so ya musanta, amma guntun da ya rage yana jingine a zaure, da sunan ƙungiyar ɓaro-ɓaro da jan fenti.

To wa zai ce da Hajiya ta tashi? Shi dai ko kallon idonta ba ya iyawa, balle ya tashe ta daga barci ya yanka mata gado. Ya roƙi Haulatu, ta ce ba da ita ba, wai gaɗa a maƙabarta. Samarin suka leƙa suka ji minsharin, suka ja da baya suna sosa ƙeya.

Ɗalha ya juya ya dubi rumfar da yake walda a ƙarƙashinta, wadda ya fi ƙauna a duk gidan. Turakunta kusan kaurinsu ɗaya da na gadon. Wallahi sai da ƙwalla ta taru masa.

"Ku sauke kwanon," ya ce. "Ashiru, tada janareta."

Ana kiran magariba samari suka saɓa sabuwar raga suna yi masa kirari, suka bar shi zaune a fili da kayan aikinsa, ba rumfa ba dalilinta. Ƙarar ce ta tashi Hajiya, Haulatu kuma ta kwashe labari kaf ta faɗa mata. Aka ce ya zo. Ya durƙusa bakin ƙofa.

"Malam Ɗalha," ta ce daga bayan labule, "Allah ya yi wa hannun nan albarka. Da gadona zan koma Kunduru."

Daɗi ya kama shi. Sai ta gyara kwanciya ta ƙara da cewa:

"Yayata ma bayan nan ke damunta. Na ji an ce filin naku raga biyu gare shi."