Mai Naƙuda Shiru

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ana ta kamen baƙi, mu ungozoma biyu muka rage a asibitinmu na unguwar Nzeng-Ayong, nan ƙasar da nake zaman baƙunta, ga mata kwance har ƙasa. Na gaji. Takardata ta neman komawa aikin ofis tana aljihuna.

Shugabarmu, Madam Obame, ta wuce wata 'yar Nijar da ta yi shiru, ta ce, "Wannan da saura, ko ihu ba ta yi."

To me ya sa yatsun ƙafar matar suka ƙanƙame? Na sunkuya, na tambaye ta da harshenmu. "Yaya, haihuwar fari ce?"

Ta rufe fuska. A al'adarmu ta gida, ni da ita, ihun naƙudar fari abin kunya ne. Na ɗaga zanenta, sai ga kan jariri.

Na yaga takardar. In na tafi, wa zai ji masu shirun?