Hukuncin Gbolahan

Gbolahan ya sha ya yi tatul a bikin wani abokinsa a Ibadan, ya ja motar babansa, ya je ya kwashe rumfar wata mai gasa ayaba. Allah ya taƙaita, matar ta tsira da targaɗe. A kotu mai shari'a ta dube shi, ta dubi mahaifiyarsa da ke durƙushe tana kuka, ta ce ba za ta tura shi gidan yari ba. Ta karɓe lasisinsa, ta ce har ƙarshen zangon karatu, safe da rana, ya tsaya gaban wata firamare yana tsallakar da yara titi.

Kunya ta ishe shi. Abokansa sukan wuce bisa okada suna ihu, "Oga mai ba da hannu! A tausaya a ba mu hanya!" Sai ya sunkuyar da kai.

Wata safiya yana tsakiyar titi, yara sun rirriƙe masa riga, sai ga tasi a guje. Ya hankaɗa yaran baya, motar ta ci birki dab da gwiwarsa. Direban ya leƙo yana dariya.

"Haba ɗan'uwa, ai na gan ku. Hannuna daidai yake."

Warin giyar ogogoro ya bugi fuskar Gbolahan. Ya buɗe baki zai zage shi, sai ya fasa, don shi ma haka ya riƙa gaya wa 'yan sanda ranar da aka kama shi. Ya kai yaran ƙofar makaranta, ya zauna bakin kwata.

Zango ya ƙare, aka mayar masa da lasisi. Giya kam bai rabu da ita ba. Amma ranar walimar jana'izar kakarsu, bayan ya kora kwalabensa, ya nemo ƙanwarsa Morenike, wadda ba ta daɗe da koyon tuƙi ba, ya miƙa mata makullin mota.

"Boda Gbolahan, yayana, ni? Wallahi sai mu kwana a hanya!"

"Mu kwana ɗin."

Ya shige baya tsakanin tukwanen jollof. Motar ta mutu a hawan Mokola, masu motocin haya na danfo suka yi ta zaginsu, ita kuwa gumi sharkaf.

"Bar su su yi," in ji shi. "Taka kuloci, ki sake tayarwa a hankali."