Burodin Tunkuza na Maman Jemima

Kun gan ta, kada ma ku ce ba ku gan ta ba. Shekara biyar Dokas, wadda duk unguwar Majidaɗi ke kira Maman Jemima, tana hawa matakala ukun nan na ƙofar coci, tana tsayawa a ta biyu ta mayar da numfashi, ku kuwa kuna raɓa ta kuna cewa, "Mama, jiki ya yi kyau, Allah ya ƙara." Kun ga ta daina sa takalmi mai rufi, ta koma jan silifa. Kuka kawar da kai, domin a wurinmu ƙiba shaidar kwanciyar hankali ce, kuma ba a faɗa wa babba gaskiyar da ba ta da daɗi.

Likita ne ya faɗa mata. Ya kwance ƙyallen da ta naɗe babban yatsan ƙafarta da shi, ya dubi mikin da ya yi wata biyu bai warke ba, ya dubi takardar gwajin jini, ya sa ta hau sikeli. Kilo ɗari da huɗu, ga ciwon suga ya daɗe a jiki. Ya rubuta magani, ya ce a riƙa wanke mikin a asibiti, ya ba ta mako shida.

"Mama, in bai fara haɗewa ba, yatsan za mu cire don mu ceci ƙafar. Ki bar lemon kwalba, ki bar suga a shayi, ki rage tuwo. Burodi kuwa ki manta da shi."

Duk ta ji, ta gyaɗa kai. Na ƙarshen ne kawai ya tsaya mata a wuya.

Wanda bai san Majidaɗi ta da ba, ba zai gane ba. Mijinta, marigayi Job, shekara ashirin da shida yana gasa burodi a bayan gidan nan, a tanderun ƙasa da ya gina da hannunsa. A lokacin unguwar ba ta cika haka ba, akwai gonakin masara tsakanin gidaje, kuma da sassafe ƙamshin burodinsa kan riga sautin kekunan masu shayi isa bakin titi. Dokas ce mai shafa wa gwangwanaye mai. In zubin farko ya fito, kafin a ƙirga wa kowa ko ɗaya, Job kan tsinke kan burodi mai zafi ya miƙa mata a kan tafin hannunsa da ya sha ƙuna, ya ce, "Alƙali, yanke hukunci." Ta tauna, ta ce gishiri ya ji ko bai ji ba. Yau shekara tara da rasuwarsa, ruwan sama ya cinye tanderun har ya zama tudun da kaji ke birgima a kai. Abin da ya rage mata na waccan safiya shi ne ta zauna a kan tabarma da kofin shayi, ta tsinke kan burodi, ko da na kanti ne mai ɗanɗanon auduga.

Da labarin ciwonta ya bazu, aka fara zuwa dubiya. Kowa ya san yadda ake dubiya a garin nan: burodi a leda, da kwalbar lemo ko biyu. Matan zumuntar coci suka kawo, surukai daga Abbare suka kawo, tsofaffin masu shayin Job ma suka kawo. Ba a mayar da abin dubiya, sai a ce ka raina mai kawowa. Burodi ya taru a kan kabad, Dokas kuwa ta ga bai kamata abin da aka kawo da ƙauna ya yi fumfuna ba.

Mako biyu aka yi haka kafin Jemima, 'yarta, malamar kimiyya a wata sakandare, ta manta takardun jarrabawa ta dawo gida ba zato. Ta samu uwarta da rabin burodi a cinya.

"Mama!"

"Kaɗan ne. Na tsoma shi a shayi, ya yi laushi."

"Laushin ne zai hana shi zama suga a jininki? Mako huɗu ya rage, Mama. Huɗu! So kike su yanke?"

"Ki rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji mana! Ai su suke kawowa."

Dokas ta ajiye burodin, ta dubi tudun tanderu ta taga. "Ubanki da burodi ya biya miki makarantar da kike mini ihu da ita."

Jemima ta shige ɗaki. Ta kwashi takardunta ta fita. Da yamma ta dawo da kiret ɗin ƙwai da gwangwanin bekin hoda mai sa kwaɓi ya tashi, ta ce ta gani a waya, akwai burodin da masu rage ƙiba ke yi ba fulawa, ba suga, mara nauyi, da ƙwai da garin wani ɗan itace na ƙasar waje. Ta zaga kasuwa, ba wanda ya taɓa jin sunan garin. Amma ta duba, gyaɗa ma sitacinta kaɗan ne, za ta iya maye gurbinsa.

Dokas ta ja kujera ƙofar kicin ta zauna kallo, ƙafar a kan ƙaramin benci.

Na farko, Jemima ta daka ƙuli-ƙulin da ta saya a bakin hanya, ba ta lura mai yaji ba ne. Abin da ya fito daga tukunya ya yi ja, ya yi tauri. Dokas ta ƙwanƙwasa shi a jikin benci.

"Wannan ki ajiye, in ɓarawo ya shigo."

Na biyu, kashegari, ya tashi da kyau, Jemima ta buɗe murfi don ta ɗauki hoto, ya saki ya kwanta kamar wainar da aka taka. Na uku ƙasansa ya ƙone, cikinsa ruwa. Jemima ta zauna a ƙasa, hayaƙi da hawaye sun haɗu a idonta, ƙwai goma sha biyu sun tafi a banza.

Dokas ta daɗe tana dubanta. Ba tausayi ne kaɗai ya motsa ta ba, har da haushin ganin ana wulaƙanta wuta a gidan Job.

"Yashin da kika zuba a gindin tukunyar, daga ina?"

"Bakin kogi."

"Kin soya shi?"

"Yashi ake soyawa?"

"Ka ji 'yar boko. Yashin kogi ɗanye ne, tururi yake yi, shi ya jiƙa miki ciki. Sai an ɗora shi a wuta ya bushe ƙarau. Kuma kin tula gawayi a ƙasa kin bar murfi tsirara. Wuta biyu a sama, ɗaya a ƙasa. Haka muke gasa kek ɗin Kirsimeti a Iware tun kafin in san ubanki." Ta miƙa hannu. "Ba ni wayar nan in ga me suke cewa."

Ba ta karanta ba, hotunan ta kalla sau biyu. Sai ta ɗaga murya ta kan katanga. "Adda Asta! Kin matse mai yau?"

Asta, maƙwabciyarta mai sana'ar man gyaɗa, ta leƙo. "Na matse, Maman Jemima. Yaya ƙafa?"

"Ƙafa tana jiran hukunci. Ki ɗibo mini tunkuza kafin ki mulmula ƙuli, ba gishiri, ba yaji. Ki matse ta sosai, kada ki bar mini mai."

"Tunkuza zalla? Miya za ki yi?"

"Burodi."

Asta ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Burodin tunkuza! Baban Jemima zai juya a kabari."

"Zai juya ya tambayi gishiri nawa na sa."

Suka shanya tunkuzar a faranti kwana ɗaya, aka daka, aka tankaɗe da rariya har ta zama gari mai laushi. Dokas ta sa aka wanke kwanon silba da ruwan zafi aka goge, domin ta ce farin ƙwai ba ya shiri da maiƙo ko ɗigo ɗaya. Ta fasa ƙwai huɗu, ta ware gwaiduwa da tafin hannu. Ta sa maburgi tsakanin tafukanta ta fara murzawa. Hannun da ya shekara tara bai yi aikin gashi ba ya tuna da kansa. Farin ƙwan ya yi kumfa, ya yi fari, ya tsaya, har ta kifa kwanon a kan Jemima bai zubo ba.

"Mama!"

"Matsoraciya."

Ta haɗa gwaiduwa da garin tunkuza cokali shida, da bekin hoda, da gishiri a bakin yatsa. Ta juye kumfar a kai a hankali, tana naɗewa daga ƙasa zuwa sama kamar mai juya jariri. Ta aiki Jemima ɗakin ajiya ta ɗauko ɗaya daga cikin gwangwanayen Job, baƙi ƙirin, gefensa a lotse. Ta zuba kwaɓin a ciki, ta barbaɗa riɗi a sama, aka ɗora a kan yashi mai zafi, aka rufe, aka jera garwashi a murfi.

"Wanda ya taɓa murfin nan kafin in ce, na tsine masa."

Ƙamshin da ya tashi ba na da ba ne. Ya fi kama da ranar suyar gyaɗa a gidan kakarta. Amma da ta juye gwangwanin, abin ya faɗo a tafinta da zafinsa, da ɓawonsa ja, ba nauyi. Ta tsinke kan, ta tauna.

"Yaya?" in ji Jemima.

"Ba burodi ba ne." Ta ƙara tsinka. "Gishiri ya ji."

Daga ranar, yanka biyu da shayi ba suga shi ne karin kumallonta, ga magani a kan lokaci, ga wankin miki. Da ƙyar ta saba. Akwai safiyar da ta yi kuka a kan kofin, ba ta gaya wa kowa ba.

Saura kwana huɗu a koma wurin likita, ranar Alhamis, matan zumunta suka sake zuwa su shida, Mama Vivian shugabarsu a gaba, mace mai jiki da murya. Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Sai aka ajiye leda a gaban Dokas: manyan burodi uku da katan ɗin lemo.

Jemima ta miƙe, bakinta cike da magana. Dokas ta ɗaga mata yatsa, ta koma ta zauna. Dokas ta dubi fuskokin baƙin. Da matan nan ta yi jego, da su ta binne Job. Ta san in ledar nan ta fita daga gidan, kafin Lahadi an ce Maman Jemima ta yi girman kai. Ta dubi ledar, ta dubi ƙafarta. Sai ta sunkuya da ƙyar ta kwance bandejin a gabansu.

Matan suka dubi mikin. Wata ta juya fuska.

"A'a, ki duba, 'yar'uwa. Yanzu ma ya yi sauƙi a kan yadda yake da. Abin da ke cikin ledar nan shi ke ciyar da shi. Na ci naku na mako biyu don kunya, saura kaɗan kunyar ta ci mini yatsa. Na gode, Allah ya saka, amma ku koma da shi. In za ku dawo, ku zo mini da ƙwai ko gyaɗa, ko ku zo hannu rabbana, zan fi murna."

"Maman Jemima," in ji Mama Vivian, murya a sanyaye, "tun da nake ba a taɓa mayar mini da abin dubiya ba."

"Ni ma ban taɓa mayarwa ba. Jemima, kawo musu namu."

Aka yanka, aka zaga da faranti. Ɗaya ta ce kamar ƙosai ne da ya je makaranta, aka yi dariya, ɗakin ya ɗan saki. Mama Vivian ba ta yi dariya ba. Ta ci, ta nemi ruwa. Ta shanye ta nemi ƙari, kofi na uku ke nan tun zuwanta, kuma sau biyu ta tashi zagawa a tsakiyar waƙa. Dokas ta san wannan ƙishirwar, ta yi shekaru tana fama da ita tana cewa zafin Jalingo ne.

Da suka tashi tafiya, ta riƙo hannunta. "Shugaba, Litinin za ki raka ni asibiti."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Haka na ce. Rakiya kawai, ki riƙe mini jaka."

Ledar ta fita tare da su. An yi maganar kuwa, har a bakin famfo. Amma ran Litinin Mama Vivian ta zo, fuska a ɗaure, ta riƙe jakar. Likita ya duba mikin, ya auna shi, ya ce gefensa ya fara jan nama, yatsan zai zauna in ta ci gaba a haka. Sikeli ya nuna ɗari daidai. Kafin su fito, Dokas ta tura shugabarta gaban mai gwajin jini, aka ɗan soki yatsa. Da lambar ta fito, ma'aikaciyar ta dube ta, ta jawo mata kujera ta ce ta zauna, likita zai gan ta yanzu.

To, kai mai karatu, akwai babba a gidanku da kake yaba wa jiki kana wucewa. Gwajin nan ɗigon jini ɗaya ne, ba ya cin minti biyar. Kada ka jira ranar dubiya. Ajiye takardar nan, ka je ka ce mata ta ɗauko mayafinta, ka kai ta yau.