Saniyar da Ta Fito a Fim

Haƙorana biyu na gaba suna can Rogo Sabon Gari, cikin ƙasar gidan kallon Abdulmutalib. Ɗan Bappana ne ya fitar da su da sanda, kuma har yau ban iya cewa ya zalunce ni ba.

Sunana Sabi'u, gyaran waya nake yi a Karaye. Ina shekara shida mahaifina ya rasu, ƙanensa Bappa Hammawa ya ɗauke ni ya riƙe a rugarsu da ke wajen Yammedi, ya haɗa ni da ɗansa Lukumanu muna cin tuwo a kwano ɗaya. Mahaifina karsana guda ya bar mini. Daga zuriyarta aka samu wata jar saniya mai karyayyen ƙahon hagu, wadda ita ce tawa a yanzu. A wurinmu, muddin saniyarka tana cikin garken gida, to kai ɗan gida ne ko da bangon duniya ka tafi. Shekarata goma sha ɗaya a gari, amma duk wanda ya tambaye ni gida, Yammedi nake ce masa, saboda jar nan tana can.

Shekara biyu bayan rasuwar Goggo, matarsa, Bappa ya shigo shagona wata rana ya zauna yana ta kame-kame. Mutumin da ko dariya sai da dalili yake yin ta, sai ga shi ya rage murya yana tambayata inda ake sayar da maganin rina gemu. Shekararsa hamsin da biyu a lokacin. Kafin wata ya ƙare ya sayar da bajimi ya sayi babur, ya haɗa da baƙin tabarau. Duk wannan bidiri saboda Barira ne, wata bazawara mai sayar da awara a tashar Rogo. Ni na koya masa tuƙi a bayan gari, inda ya faɗi ya fi sau goma. A shagona yake ɓoye babur ɗin, ni nake rubuta masa saƙon waya, in karanta masa amsa. A gida kuwa rawani yake naɗawa har haɓa, ya ce sanyi ke damunsa.

Wata bakwai ana haka. Ranar da ya fito fili ya faɗa mata, Barira ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni kallon uba nake maka." Ya dawo ya sayar da babur, ya bar gemu ya koma fari. Da Fulatanci ya ce mini, kamar yadda ya saba yi mini magana tun ina yaro, wannan abu ya tsaya tsakaninmu. Na rantse masa.

Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Karaye, mu bakwai, kayan aikinmu waya biyu da tsohuwar kwamfuta. Mun daɗe muna neman labarin da zai sa a san da mu, ni kuwa ga labari a cikina yana cina. Sai na rubuta shi. Na canja sunan mutumin, na canja ƙauye, na mai da mai awara tela, na kuma sa ta yarda a ƙarshe aka ɗaura aure. Na riƙa gaya wa kaina cewa alheri nake wa Bappa da na ba shi ƙarshen da bai samu ba. Ƙarya nake, tafi kawai nake so. Muka sa wa fim ɗin suna Baba Ya Sayi Babur, abokina Kabir ya fito a matsayin Baban, muka shafa masa garin rogo a gemu.

Akwai wurin da Baban zai tsaya a gaban garke yana zaɓar san da zai sayar. Ranar da Bappa ya tafi ta'aziyya ƙauyen Turawa, na kwashi mutanena muka je ruga muka ɗauka. Da hannuna na jawo jar saniyata na tsayar da ita a bayan Kabir, don ina so a gan ta. Zaman gari ya sa na manta abin da kowane makiyayi ya sani tun yana goye. Ɗan gari in ya kalli garke, shanu yake gani. Makiyayi kuwa fuskoki yake gani, ya san wannan 'yar wance ce, daga gidan wane ta fito.

A Karaye sau biyu muka nuna shi, kuma bai taɓa kowa ba sai ta inda muke so. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki a wurin da rinin gemu ya narke a rana ya gangaro wa Baba kan farar riga. Wani dattijon tela ya fito yana share hawaye yana cewa, "Wallahi yaran nan kamar sun leƙa zuciyata." Na ga magidanta uku suna shafa gemunsu a ɓoye. Kaina ya kumbura, na ce sai mun kai shi Rogo ranar kasuwa.

Gidan kallon Abdulmutalib rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya, benci goma sha biyu da babbar talabijin. Bayan azahar muka fara. Wurin ya cika maƙil, kuma fiye da rabi makiyaya ne da suka kawo dabbobi kasuwa, kowa da sandarsa a kan cinya. Ana cikin farawa Lukumanu ya shigo da abokansa huɗu. Bai san labarin komai ba. Ni sakarai har daɗi na ji, na ɗaga masa hannu.

An yi dariya a farko, irin ta Karaye. Sai aka zo wurin garke.

"Ku tsaya," in ji wata murya daga benci na biyu. Suhaibu ne, dillalin shanu, mutum mai baki kamar lasifika. "Jar nan mai karyayyen ƙaho ai ta garken Hammawa ce, na Yammedi."

"Ita ce," wani ya amsa. "Ga farin nan ma na bayanta, uwarsa na sani."

Suhaibu ya miƙe tsaye yana tafa cinya. "Ashe abin da ya faru ke nan. Ta hannuna ya sayar da bajimi bara, ya ce mini wai hidima ce ta taso. Ashe hidimar babur ce."

Wani ɗan acaɓa daga baya ya ce, "To ai ni na sha ganin sa a tasha wurin mai awara, gemu baƙi wuluk. Na ɗauka ƙanensa ne."

Dariyar da ta biyo baya ba irin ta ɗazu ba ce. Ta ɗazu da Baban fim ake yi, wannan kuwa da Bappana ake yi, da sunansa a bakin mutum fiye da ɗari. Wasu suka fara buga benci suna cewa Hammawa ango. Na laluba maɓallin kashewa, na kasa samunsa.

Lukumanu ya miƙe. Ya taka kan benci ya tsallake mutum biyu, ya sauke wa Suhaibu sanda a tsakiyar ka. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Suhaibu ya zauna a ƙasa, jini ya rufe masa ido ɗaya, bakinsa bai ma gama rufuwa daga dariyar ba. Mutanensa na kasuwar shanu suka taso, abokan Lukumanu suka tare su, daga nan kuma babu wanda ya san wa yake duka. Sanduna suna haɗuwa a sama suna bugun kwano. Aka ɗaga benci aka maka wa ɗan acaɓan nan a baya, ya faɗi kan wani dattijo da ya shigo kallo da buhun gyaɗarsa. Kowa ya yi ƙofa, ƙofa kuwa ɗaya ce, aka cushe, ana tattaka waɗanda suka faɗi. Na ga wani yana cizon kunnen wani, alhali tare suka shigo.

Kabir ya hau tebur yana ɗaga hannu yana cewa wasa ne, labari ne kawai. Wani ya gane shi ne Baban fim, ya ja ƙafarsa. Da ya faɗo suka rufe shi, ya kare kansa da hannu, hannun ya karye nan take, na ga yadda ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Duk wannan ana yi talabijin tana ci gaba da aiki, Baba yana kan babur yana wa tela murmushi, sai da wata sanda ta same ta a tsakiya ta yi tartsatsi ta mutu. Abdulmutalib yana ihu a kashe janareta, babu mai jin sa.

Na rakuɓe a lungu da kwamfuta a ƙirjina lokacin da Lukumanu ya iso kaina. Rigarsa ta yage, goshinsa a tsage. Ya tsaya yana haki.

"Sabi'u, gaskiya ne?"

Da na ce ƙarya ce, da ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Sai na sunkuyar da kai.

"Kuma kai ka sani. Kai kaɗai ya gaya wa."

Sandar farko ta sami kwamfutar. Ta biyu ta same ni a baki. Na ji gishirin jini, na tofar, na ga haƙora biyu a ƙasa. Ya ci gaba da dukana a kafaɗa da haƙarƙari yana kuka, ni kuwa ko hannu ban ɗaga ba. Sai da 'yan sintiri suka ɓalle kwanon baya suka shigo aka janye shi. Mutum tara aka kai asibiti. Suhaibu ya rayu, da ɗinki goma sha huɗu a ka, dattawa suka shiga tsakani aka sasanta. Amma kafin la'asar ta yi sanyi labarin ya riga ya gama kasuwa, 'yan tasha har sun fara kiran Barira amaryar Hammawa. Kwana uku bayan haka ta daina fitowa da awara.

Na jira Bappa ya aiko a kira ni, ko ya zo ya ƙarasa abin da ɗansa ya fara. Da hakan ya fi mini sauƙi. Ranar kwana na tara da hantsi, ina shago bakina a kumbure, sai na ji kukan saniya a ƙofa. Na fito na ga Bappa tsaye da igiya a hannu, ƙafafunsa duk ƙasa, tun daga Yammedi a ƙafa ya koro ta. Jar ce, da ɗan maraƙinta a gefe.

"Salamu alaikum. Ina kwana, Malam Sabi'u? Ya aiki? Ya jikin kuma?"

Da Hausa ya gaishe ni, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa baƙo. Tun da nake bai taɓa yi mini Hausa ba. Na durƙusa na amsa da Fulatanci, na fara ba shi haƙuri, ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗaure igiyar a jikin turken rumfata, ya ja ƙullin sau biyu ya tabbatar ya kama.

"Ga dukiyarka. Lafiyarta ƙalau, ka duba a gabana."

"Bappa, ina zan kai ta? Ba ni da inda zan sa ta."

"Ka san mutane da yawa," ya ce.

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, bai waiwayo ba. Ya yi ƙasa da murya, irin yadda ya yi ranar da ya tambaye ni maganin gemu.

"An ce ba a kai ƙarshen wasan ba. Ya aka ƙare?"

"Ta yarda, Bappa. An ɗaura aure."

Ya daɗe a tsaye yana kallon titi. Sannan ya gyaɗa kai, ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya kama hanyar Yammedi. Jar ta ja igiya za ta bi shi, igiyar ta hana ta. Ta yi ta kuka tana kallon bayansa har ya sha kwana, ni kuma ina durƙushe a inda ya bar ni.