Fijon Injiniya Bara'u

"Sassauta, Maharazu! Sassauta mana! Inji kake saukewa, ba buhun masara ba."

Maharazu ya rage sakin sarƙar, gumi na bin wuyansa duk da sanyin da Birmingham ta tashi da shi. Sabon injin, da giyabos na otomatik manne a bayansa, yana lilo a saman buɗaɗɗen gaban motar. Injiniya Bara'u kuwa yana kan kujerar roba a bakin garejin, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo, yana ba da umarni da sandarsa.

"Hagu kaɗan. Yauwa. Saki."

Injin ya zauna daram a kan ƙarafan da tsohon ya auna, ya sa aka yi masa waldarsu. Bara'u ya yi murmushi, tari ya biyo bayan murmushin, ya daɗe bai sake shi ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a unguwar Handsworth. Maharazu akanta ne, kafin ya san wannan tsoho bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba. Shi kuwa Bara'u a masana'antar haɗa motoci ya yi ƙuruciyarsa a Kaduna, ya zo Ingila ya ƙarasa sauran ƙarfinsa a wata masana'antar. Da ya yi ritaya sai ya je wani ƙauye a Faransa ya jawo wata tsohuwar Fijo 504, duk tsatsa, ya cusa ta a garejin bayan gida. Matarsa, Hajiya Kubura, ta leƙo ta kalle ta ta ce Malam ya kyauta, ya samo wa kaji ɗakin kwana.

Shekara da shekaru yana lallaɓa motar nan, kuma noti ɗaya bai yarda ya shiga jikinta ba sai na asali. Wanda duk ya ce masa ya sa mata kayan zamani ya gama shan shayi a garejin. Sitiyarinta a hagu yake kamar na gida, da wannan ya fi yin alfahari. Maharazu yana ƙaunar taurin kan nan na tsohon, har ya koyi zagin sababbin motoci a bakinsa.

Sai ga shi likitoci sun gaya wa Bara'u abin da suka gani a hantarsa, suka kuma gaya masa dabararsu ta ƙare. Bai yi mako da dawowa ba ya sa aka cire injin asalin da ya goge da hannunsa, aka ajiye a gefe kamar tsohuwar tukunya. Ya cire kuloci. Ya samo gaban wata mushen Fijo irin ta Ingila, ya mayar da mazaunin direba dama. Ya yi odar sitiyari mai lantarki, wanda ɗan yatsa ma ya isa ya juya shi. Abin ya dami Maharazu ƙwarai, har ya gaya wa matarsa yana jin ciwon ya fara taɓa hankalin Injiniya.

Ranar nan da suka ɗora sabon injin ya kasa haƙuri.

"Injiniya, don Allah in yi tambaya. Kai ne fa ka ce wanda ya sa wa Fijo otomatik ya ci amanarta."

"Na faɗa. Kuma gaskiya na faɗa."

"To?"

Bara'u ya waiga wajen ƙofar kicin, ya rage murya.

"Lasisin Hajiya na nan ƙasar na otomatik ne. Ga wuyan hannunta da sanyin ƙashi, tsohon sitiyarin nan ko ni sai na yi nishi nake juya shi. In na tafi, likita zai kwashe ta ya kai ta Manchester. Flat ne a unguwar Whalley Range, can saman bene, ba ta san kowa ba. Nan kuwa ga 'yan islamiyyarta, ga alayyahunta a bayan gida, ga ku. Ta gaya mini ba ta son tafiya, amma shi ba za ta iya gaya masa ba. Hujjarsa ɗaya ce, wa zai kai ta asibiti wajen GP, wa zai kai ta kasuwa."

"Ai da ƙaramar mota ka saya mata."

"Na taɓa saya. Ta ce ji take kamar ta shiga gwangwanin madara. A irin wannan na koya mata tuƙi, muna sabon aure. Ta san faɗinta da tsawonta kamar yadda ta san kicin ɗinta."

Likitan da yake nufi ɗansu ne, Sa'id, shi kaɗai Allah ya bar musu, kuma shi ne ɗan fari. Tun da Maharazu ya san gidan bai taɓa jin uban ko uwar sun kama sunansa ba. In ya zo, gaisuwa ce a taƙaice, kowa na kallon wani wuri, sai a cika masa kwano da nama. Sa'id kuwa, yaron da ya tashi a Birmingham, ya daɗe yana ɗaukar wannan kunya a matsayin rashin kulawa.

"Na tambayi liman," in ji Bara'u. "Ya ce kyautar wanda ke kwance ciwon ajali ga magajinsa ba ta zama sai da yardar sauran magada. In likita bai yarda ba, motar gado ce, zai sayar, ya ɗauki uwarsa ya tafi. Ba don mugunta ba, tausayinta yake ji."

"To ka roƙe shi mana."

Tsohon ya kalle shi kamar ya ce masa ya tuɓe riga a kasuwa.

"Ni? Kai dai kira shi. Ka ce hannuna ya gaza ɗaure sitiyari, kai kuma ba ka iya ba."

Maharazu ya so ya ce ya iya, sai ya haɗiye maganar.

Ya kira Sa'id, ya ce zai zo ranar Asabar. Kafin ranar ta zo suka gama haɗa wayoyi da bututan mai da na birki, shi yana ƙarƙashin mota, tsohon yana sama yana faɗa. Kullum muryar tana ƙara yin ƙasa. Ranar Juma'a ma a daddafe aka kawo shi kujerar, Maharazu ya ji tsoro ya kama shi, kada Asabar ɗin ta yi musu nisa.

Sa'id ya iso da hantsi, fuska a murtuke. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, sannan ya juyo kan Maharazu.

"Kawu, haba. He should be in bed. A wannan sanyin kuka fito da shi saboda mota?"

"Maharazu," in ji Bara'u, idonsa a kan bango, "ba likita sifana."

Sa'id ya yi ajiyar zuciya, ya cire kwat ɗinsa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin mazaunin direba, ƙafafunsa a waje. Maharazu ya riƙe masa tocila. Hannun likita ne, ba ya rawa. Ya saƙala sandar sitiyarin da ɗan injinta na lantarki a inda uban ya nuna da sanda, ya haɗa wayar, ya fara ɗaure noti.

"Kada ya ƙarasa ɗaurewa," in ji Bara'u. "Ba a ɗaure sitiyari sai mai tuƙi ya zauna an gwada tsayinsa. A kira mai motar."

"Baba, ai ba za ka iya zama..."

"Maharazu, leƙa kicin."

Hajiya Kubura ta fito tana goge hannu da gefen mayafi. Ta tattara zaninta, ta raɓa ta gefen ɗanta ta shiga ta zauna, ta ɗora hannaye biyu a kan sitiyarin. Sa'id yana kwance, kansa dab da ƙafafunta. Maharazu ya ga rabon da su kusanci juna haka ya yi shekaru, domin duk su biyun sun rasa inda za su sa ido.

Sa'id ya dubi inda kuloci ya kamata ya kasance, babu. Ya dubi kujerar da aka matso da ita gaba, aka ɗaga ta. Da ya yi magana, Hausa zalla ya yi, a hankali.

"Umma, a nan kike son ki zauna? Na riga na gyara miki ɗaki."

Hajiya ta kafa ido a gilashin gaba, inda ba abin gani sai ƙofar kwano a rufe.

"Maharazu," ta ce, "ce masa ya ɗan sauke shi ƙasa. Ina so in riƙa ganin hanya sosai."

Maharazu bai maimaita ba. Sa'id ya sa hannu ya sauke sandar kaɗan.

"Haka?"

"Ya yi."

Sai ƙarar sifana kawai ake ji. Ya ɗaure na farko, ya bi sauran, ya koma ya sake bin su yana gwadawa. Ya fito da baƙin mai a goshi, ya tsuguna a gaban kujerar roba, amma Maharazu ya kalla.

"Kawu, ka zama shaida. Motar Umma ce. Ba ni da komai a cikinta."

Bara'u ya gyaɗa kai, yana ta gyara bargon da ba abin da ya same shi.

"Allah ya yi albarka," ya ce wa bargon. Sannan ya ɗaga murya iyakar abin da ya rage masa. "To a tayar mana mu ji."

Hajiya ta murɗa makulli. Injin ya kama nan take, siririyar murya, ba irin gurnanin Fijo da suka sani ba. Ta juya sitiyarin da hannu ɗaya, tayoyin gaba suka bi ta a kan siminti ba gardama. Dariya ta kuɓuce mata, ta yi sauri ta rufe baki. Tsohon ya karkata kai yana saurare, ido a rufe.

"Ba ta da murya," ya ce. "Amma za ta kai ta."

Bai ƙara fitowa garejin ba. Ranar Laraba bayan azahar ya cika a falon gaba, inda aka sa masa gado kusa da taga, Sa'id yana riƙe da hannunsa. Mutane suka zo daga Manchester mota-mota, layin ya cika har maƙwabta 'yan Jamaika suka buɗe ƙofofinsu don masu alwala. Maharazu ya shiga cikin masu sauke shi kabari, ya yi kuka bai ɓoye ba.

Hajiya ta shiga takaba. A cikin watannin nan Maharazu da Sa'id suka kai motar aka duba ta, aka yi mata takardu. Sa'id yana zuwa duk ƙarshen mako, bai sake ta da maganar ɗakin ba. Duk da haka Maharazu bai saki jiki ba, don zama a mota cikin gareji daban, hawa titin Birmingham daban.

Wata safiya bayan ta fita takaba, yana shirin tafiya ofis, ya ji ana jan ƙofar kwano. Ya fito lungun baya da takalmi ɗaya a ƙafa. Fijon ta riga ta fito da hancinta, Hajiya a ciki da farin gilashi, ga kular abinci a kujerar gefe an ɗaure ta da bel.

"Hajiya, ina zuwa haka? In raka ki?"

"Manchester. Jikokina sun ce tuwo suke so. Ka je aikinka, kafin magariba na dawo."

Ta ja a hankali har bakin babban titi ta tsaya. Wata bas ta wuce. Bayanta titin ya zama fayau, ba mota ko ɗaya, amma Fijon tana tsaye, sigina na ta ƙiftawa. Maharazu ya fara takawa zai bi ta. Sai jan wutar birki ta mutu, motar ta karya kwana ta hau titi.