Ka Nufi Giginya

"Ta da ni, Dela! Sun shiga ruwa?"

"Kwanta, tsoho. Ko ganga ba a kaɗa ba."

Kwana tara ke nan Atiku Basarke, tsohon masunci, bai bar tabarma ba, amma ƙafafunsa ba su sami labari ba, sai shurin iska suke. Ranar bukin 'yancin kai ce, an sa gasar tsallake Kwara tsakanin mutanen Lolo da Dandawan Dahome. Wanda ya fara isa mashayar ƙetare shi ya ci. Ɗansa Bunyaminu, mai ƙirji kamar turmi, shi zai yi wa gari iyo. Sau biyu wani siririn Badande yana cinye shi, tsohon kuwa ya rantse ba zai tafi lahira da wannan kunyar ba.

Dela maƙwabciya ce, shekara arba'in danga ɗaya, kullum faɗa kan awaki. Atiku ya riƙo gefen zanenta.

"Tahi ki ce ma Bunyaminu, ruwa ya cika. Kar shi nuhi mashaya. Shi nuhi giginya ta sama, Kwara ta kai shi da kanta. Yatsu kuma shi haɗe su."

"Ni da ko kwatarniya ban iya tsallakewa?"

"Bakinki nika aike, ba ƙahwarki ba."

Ta tafi tana mita. Ta iske Bunyaminu bakin ruwa yana jujjuya damatsa, mata na kallo. Ta isar masa da saƙon.

"Inna, ƙarhina ya isa."

"Sa ma ƙarhi gare shi, amma cikin kwale-kwale aka ƙetare da shi. Ubanka ya ce giginya."

Aka busa ƙaho. Bunyaminu ya faɗa ruwa yana dukansa kamar mai sussuka, Kwara tana jan shi ƙasa. Dela ta cire ɗankwali tana kaɗawa.

"Giginya, ɗan banza! Giginya!"

Ko ya ji ta, ko hankali ne ya zo, oho. Ya karkata sama, dukan ya lafa, hannu ya fara shiga ruwa shiru, yatsu a haɗe. Ruwa ya ajiye shi mashaya, Badande na baya da tsawon gora.

Dela ba ta tsaya guɗa ba, ta ruga gida. Rabonta da gudu tun tana budurwa, ga takalmi a hannu.

A ƙofar gida ta ga takalman maza jere. An rufe Atiku da farin zane, hannun dama ya leƙo waje, yatsun a haɗe. Ta zauna tana haki.

"Ya nuhi giginya," ta ce, ta ja zanen ta rufe hannun.